Makwancin Bar-su

Da Malami ya sayi gidan nan na Kalgo, filin da ke bayan ɗakunan ya fi burge shi a kan ɗakunan kansu. Akwai dogonyaro biyu, da tsohon mangwaro, da gwaiba guda da ta jingina da katanga. Shi mutumin Gwandu ne, aikin koyarwa ya kawo shi, kuma tun yana yaro yake son ya ga ya mallaki inuwa tasa ta kansa.

Sai dai inuwa da aikinta take zuwa. Da bazara ta kawo kai, dogonyaron suka shiga zubar da ganye ba ƙaƙƙautawa. Kullum kafin ya tafi makaranta sai ya ja manjagara ya tara, matarsa Zulaiha ta bi da tsintsiya, a kwashe a buhu a kai wa wani maƙwabci mai yin taki.

Yana da kare, Bar-su, da ya taho da shi saboda gadin awaki. Zulaiha ta ce ba ta yarda ya riƙa gilmawa kusa da madafa ko wurin shanya ba. Don haka Malami ya kafa masa rumfar zana a can kusurwar gabas, ya shimfiɗa yashi, ya ajiye masa kaskon ruwa.

Bar-su ya shinshina rumfar sau ɗaya, ya juya. Wani wuri ya zaɓa tsakanin mangwaron da gwaibar, inda ko inuwar kirki babu da rana tsaka. A kore shi, ya zaga ya dawo. A ɗaure shi, ya yini yana kuka har a kwance.

"Malam, karen nan naka raini ne kawai," in ji Zulaiha.

"Kare ba ya barin inuwa ya kwanta a rana haka banza," ya ce. "Akwai abin da ya sani."

Daga nan abin ya tsaya masa a rai. Ya lura ganyen da ya faɗi a wurin ba ya bushewa ƙarau kamar sauran, laushi yake yi ya yi baƙi. Wata rana ya dawo daga makaranta, ya tuɓe takalmi ya taka ko'ina a filin. Ƙasa na ƙona ƙafa, amma makwancin karen da sanyi-sanyi. Ya ɗauko taɓarya ya buga, sai ya ji amo kamar na ganga. Maƙwabta ba su san komai ba, yawancinsu baƙi ne irinsa.

Ranar Asabar da ya je Gwandu gaida mahaifiyarsa, ya nemi gidan da Inna Tasalla take. Ita ce matar marigayin da ya gina gidan, yanzu tana zaune wurin ɗanta. Bayan gaisuwa ya kwashe labari ya faɗa mata.

Tsohuwar ta yi dariya har da riƙe haɓa. "Tsakanin mangwaro da gwaiba? Ɗana, ai rijiya ce."

"Rijiya, Inna?"

"Awo. Maigida ya gina ta tun kan a yi ɗakunan. Da yara sunka fara rarrafe, hankalina bai kwanta ba, sai ya jera azara bisa bakinta, ya shimfiɗa kwano, ya zuba ƙasa. Mun ce in sun girma a buɗe. Sun girma, famfo ya zo, kowa ya mance." Sai fara'arta ta ragu. "Kai kake takawa nan kullum? Azara ba ta dawwama. Kada ka bari kowa ya sake bi ta wurin."

Malami bai tsaya cin abincin rana ba. Yana isa Kalgo ya kewaye wurin da ƙaya, washegari ya kira masu yasar rijiya. Ba su yi nisa da tono ba suka tarar da kwanon ya yi tsatsa ya huje, gara ta cinye rabin azarar. Da aka ɗage, wani sanyi ya taso. Malami ya durƙusa ya leƙa, can ƙasa ya hango ruwa da saiwoyin mangwaro sun sauka cikinsa kamar igiyoyi. Zulaiha ta ja da baya da sauri, don a nan take tsayawa in za ta kakkaɓe tsintsiya.

Aka yashe rijiyar, aka ɗaure bakinta da siminti, aka sa murfin ƙarfe. Zulaiha da kanta ta ce a dawo da rumfar karen gefen rijiyar, inda ƙasa ke da danshi, ta kuma fara shuka yakuwa da alayyafo a ɗaya gefen.

Da ruwan ya kwanta, Malami ya cika jarka ya kai wa Inna Tasalla. Ta sa aka zuba mata a moɗa, ta yi bisimilla ta kurɓa, ta juya shi a baki.

"Ita ce," ta ce. "Amma akwai ɗacin saiwa. Ka ce su ƙara yasa kafin damina."