Gemuna da Baƙin Garin Sharaɗa

Ni na riga kowa ganin wannan baƙin garin a Kano. Tun ina saurayi a kamfanin batir na Bompai nake dama danginsa da hannu, ba safa ba komai. Kamfanin ya rufe, na koma jima a Challawa, warin fata ya kori ƙarti, ni bai kore ni ba. Masaƙa ma ta mutu ina ciki. Yanzu ina Sharaɗa, inda muke yin bututun roba, kuma ni ne mai zuba haɗi a bakin inji.

Bana aka kawo garin a durom, wai sunansa girafin. Injiniya Hamida, mai kula da ɗakin haɗi, ta ce daga abin da ke cikin fensir ake ɓaro shi, a zuba kaɗan a roba don bututu ya ƙara ƙwari. Na ce, "'Yata, ni da wannan mun san juna tun ba a haife ki ba."

"To Baba, ku sa wannan." Ta miƙo min takunkumin roba mai matatan iska biyu. Na ɗaura. Ta toshe matatan da tafin hannunta, ta ce in ja numfashi. Sai iska ta kutso ta gefen sajena, har da fito.

"Gashin ne ya hana shi kamawa. Garin nan ba a shaƙarsa. Ko ku rage kafin Litinin, ko ku koma gadin ƙofa."

Gadi! In zauna a benci ina ɗaga wa tirela sanda? Amma kuma gemun nan tun da na aje shi aska ba ta taɓa shi ba, har ƙirji yake sauka.

Ranar Asabar na kasa zama. Na je wurin Lawan wanzami a Kumbotso, na zauna a tabarma, yana fara wasa aska na miƙe. Na zaga kasuwa ban sayi komai ba. Na dawo, na zauna, na sake miƙewa.

"Malam Labaran, aski kuka zo ko atisaye?"

"Kai dai ka iya bakinka."

Na nufi gida. Maimuna, matata, ta ga ina kai-kawo a tsakar gida, ta ce, "Malam, in kuka koma ƙofa sati ba za ku yi ba za ku fara faɗa da direbobi. Na san abina."

Na ɗauki takunkumin na koma wurin Lawan. Na kifa shi a fuskata na ce, "Bi gefensa. Abin da ya leƙo waje naka ne, na ciki nawa ne." Ya kwashe sajen tas, ya datse gemun ya bar ɗan tsiro a haɓa. Ban kalli abin da ya zuba a tabarma ba.

Litinin Hamida ta sake toshe matatan. Na ja numfashi, robar ta manne min a fuska ƙam. Ta ce, "Bismillah, Baba." Ni na zuba awon farko da hannuna.

Masu cewa a majalisa tsufa ya sa Labaran ya ji tsoron gari, ƙofar Sharaɗa a buɗe take. Mutum ya zo da safe ya ɗaura takunkumin, ya tsaya gefena a bakin inji har la'asar, mu ga wanda zai fara neman benci.