Ranar Ruwa

Ranar Talata kaɗai ake sako wa unguwarsu ruwa a Amman. Don kada mahaifiyarsa ta riƙa hawa rufin gida da ciwon gwiwa, Nidal ya haɗa wa tankinsu 'yar kwamfuta kamar tafin hannu, mai aika mata saƙo.

Rana ta biyu ta zaman makokinta, wayarta ta yi ƙara a aljihunsa: "Mama, tanki ya cika."

"Don Allah injiniya, je ka cire tarkacen nan naka," in ji yayarsa Suhair.

Ya hau, ya daɗe yana kallon fitilar kwamfutar, bai ji komai a ransa ba. Ya rufe famfo, ya bar kwamfutar a kunne, ya sauko ya ci gaba da zuba wa baƙi gahawa.