Yadda Batula ta jawo muna Amurka cikin ƙungiya

Tun da Batula ta dawo daga Amurka, inda ta je yi wa ɗiyarta wankan jego, ba mu sake shan iska ba a Tambuwal. Ko gaisuwa kika yi mata sai ta ce a can ba a durƙusawa. Ga wani takalmi fari da taka sawa kamar mai shirin buga ƙwallo. Ni ban damu ba, wallahi. Abin da ya dame ni kujerata ce.

Ni ce uwar ƙungiyar masu ƙuli-ƙuli ta unguwarmu, ni ka zama bisa kujera kowa na tabarma. Al'adarmu kuwa, mai jika kaɗai ka zaɓen uwa. Mu tsofaffi munka san juna, kullum ni anka tsayar.

Rannan Batula ta gyara mayafi a taro ta ce, "Surukina ya ba ni labari. A Amurka da farko farin mutum mai gona kaɗai ka jefa ƙuri'a. Sannan anka bar talakansu, sannan baƙar fata, shi ma sai da anka daɗe ana yi mai wayo a bakin akwati. Mata ma sun sha jira. Mu mi ya sa sai mai jika?"

Na ce, "Batula, wanka kika je yi ko karatu?"

Anka yi dariya, amma magana ta shiga. Anka yarda duk mai ɗa ta yi zaɓe. Na duba, ƙannenta ne da ƙawayensu cike da wurin. Au, kujera taka so!

Sati na zagayowa na miƙe na ce, "Ashe marar haihuwa ba mutum ba ce? A Amurkar haka anka yi?" Na shigo da matan ɗiyana da ba su haihu ba tukuna. Batula ta rama da amare. Na rama da 'yan matan da ka yi muna ɓarar gyaɗa. Ta kawo masu talla. Ni kuwa na aika har Kebbe anka ɗauko matan da ka sayar muna da gyaɗa, bisa babur, biyu-biyu. In adalci ne, ai ba ta fi ni iyawa ba.

Ranar zaɓe Goggo, babbarmu, ta ce kowa ta yi layi bayan wadda taka so. Na tsaya nan, Batula ta tsaya can da farin takalminta. Sai wata 'yar Kebbe ta ce, "Inna, dole sai cikinku biyu?"

Goggo ta dube mu ni da Batula ta ce, "Ku kunka ce kowa da kowa."

Kafin in buɗe baki sun ja Zulfa tsakiya, yarinyar da ka tsayuwa bakin kasko hayaƙi na cin idonta. Layinta ya fita zaure ya kai bakin rijiya. Har matan ɗiyana, marasa kunya! Bayana tsofaffi uku, ɗaya ma bango ta zo dafawa.

Na leƙa bayan Batula. Biyu.

Yanzu tabarma ɗaya muka zama ni da ita. Jiya ta matso ta ce, "Ke kika ɓata abin da 'yan Kebbenki."

Na ce, "Matsa can, 'yar Amurka. Na dai fi ki da mutum guda."