Ƙwallon Yallabai

Mai ofishin lauyoyin, wanda kowa ke kira Yallabai, ya dawo daga taron ƙara wa juna sani da tsaraba biyu: takardar shaida mai ruwan zinariya da wata jar ƙwallon roba. Takardar ta hau bango. Ƙwallon kuwa a kan shari'ar Gajere ta faɗo.

Gajere, ɗaya daga cikin lauyoyin ofishin, shi ne zai tsaya gaban alƙali gobe domin kare wani mai gasa burodi da ake son fitarwa daga shagon haya. Ya juya takardun ciki da bai, bai samo hujjar da za ta tsaya da ƙafafunta ba, ga shi alƙalin ya rantse ba zai ƙara ɗage zaman ba. Shi ya sa da Yallabai ya ce yau kowa zai zubo basirarsa a kan wannan shari'a, Gajere har addu'a ya yi masa a zuci.

Aka taru a ɗakin taro, ƙarƙashin fankar da ke juyawa kamar an tilasta mata.

"Doka biyu ce," in ji Yallabai. "Wanda ke riƙe da ƙwallo shi kaɗai ke magana. Kuma ba a kushe shawarar kowa. A nan babu babba, babu yaro."

Sannan ya rungume ƙwallon ya ba da labarin otal ɗin da aka sauke su, da irin tawul ɗinsu. Da ya gaji, ya jefa wa Gajere.

Wani dogon hannu ya cafe ta a sama. Lauyan da ake wa laƙabi da Ɗaukaka ne, mutumin da ko shayi ka ba shi sai ya ɗaukaka ƙara a kan sukari.

"Yallabai, ina neman ƙarin haske. Mene ne riƙewa? In ƙwallo tana kan cinyata hannuna yana aljihu, ina riƙe da ita?"

"Kana mallake da ita dai, ba ka riƙe ba," in ji Anti, wadda ta fi kowa daɗewa a ofishin.

"Anti, da wace ƙwallon kika yi magana?"

"Kai da wace ka yi? Gajere aka jefa wa. Kayan ƙwace ne a hannunka, duk abin da ka faɗa bai shiga ba."

"Kin kushe ni. Doka ta biyu!"

"Ai ba shawara ka kawo ba, ɗan nan, tambaya ce. Dokar ba ta kare tambaya ba."

Gajere ya ɗaga hannu kamar ɗan firamare. "Don Allah, mai burodin nan..."

"Shhh!" Duka ɗakin suka haɗa baki. Wannan ne karo na farko da suka yarda da juna a shekarar.

Yallabai ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce a taron ma an gaya musu hayaniya alamar ƙwaƙwalwa ce tana aiki. Ya yanke hukunci cewa riƙewa na nufin yatsu uku a kan roba. Ɗaukaka ya nemi a rubuta cewa bai gamsu ba. Anti ta tambaya ko babban yatsa yana cikin lissafi.

Gajere ya sauke hannunsa ya jingina da kujera. Ya dubi fayil ɗin da ba wanda ya ko buɗe, ya dubi rana tana sauka daga tagar. Mutum huɗu masu digiri sun cinye yini guda ba su kai ga sunan wanda ake ƙara ba. A hankali ya jawo fayil ɗin, ya wuce duk maganar haya, ya tsaya a kan sammacin da aka kai wa mai burodi. Wa ya karɓa? Yaron shago. Hannu da hannu aka ba shi, ko a kan tebur aka ajiye?

Ya fita baranda ya kira mai burodin.

"Barista, an samo hujja?" in ji mutumin.

"Hujja kam babu, Baba. Amma ka kwaɓa fulawarka ta jibi."

"To me za ka gaya wa alƙali?"

"Zan nemi ƙarin haske a kan mene ne karɓar sammaci," in ji Gajere. "In Allah ya yarda, gobe ba mai kaiwa ga maganar shagonka."