Yadda Maɗinki Ya Zama Alhaji

Zakiyya ba don neman suna ta fara rubutu ba, wannan kam a yi mata shaida. Alkawari ta ɗaukar wa mahaifiyarta, Inna Barira, ranar sadakar arba'in ɗin mahaifinta: za ta rubuta littafi a kansa, don jikoki su san wane ne Malam Bahago na Ƙofar Jatau, mutumin da ya ƙare rayuwarsa a zaure yana ɗinkin babbar riga da hannun hagu, zare a baki, har idonsa ya mutu. Inna ta zauna ta juye mata duk abin da ta sani game da shi.

Sai dai yarinyar nan ba ta iya ƙarasa rubutu. Ta fara, ta goge, ta sake farawa. Ana haka wata ƙawarta ta jefa ta guruf ɗin marubuta a waya, inda shugabar, Anti Jamilatu, ta ba ta shawara.

"Ƙanwata, rubutu ba ya son nawa. Kullum ki saki shafi, masu karatu su nuna miki inda za ki dosa. Su ne madubinki."

Shafin farko ta nuna shi yana zura zare a allura da hantsi, yana ƙanƙance ido. Wallahi ya yi kyau. Amma guruf ya yi tsit, sai wata da ta rubuto: "Tsoho da allura? Haba Zakiyya, ina soyayyar?"

Zakiyya ta wuni da ciwon zuciya. Washegari ta mayar da shi saurayi. Nan fa aka farka! Wata ta ce talauci ya ishe su a gida, kada a biyo su da shi cikin littafi, sai Zakiyya ta buɗe masa shago. Shago ya zama kamfani, zaure ya zama bene. Wata kuma ta ce wane irin jarumi ne zai miƙa wa budurwa kyauta da hagu, ai rashin tarbiyya ne. Wannan ta yi mata zafi ƙwarai, ta ajiye wayar, ta sake ɗauka. Ta mayar da shi mai dama, sunan Malam Bahago ma ta sauya shi da Alhaji.

Duk sanda ta canza abu sai ta ce wa ranta, daga baya na gyara. Ina! Wanda ya hau motar kwaɗayi ai an san tashar da za ta sauke shi. Yabo ya riƙa zuba, ita kuma ba ta taɓa fashin shafi ba, har littafi ya kammala, wani mai zaƙin murya ya karanta shi aka ɗauki muryar a waya.

Ta kai wa Inna bayan la'asar, tana gyaran wake a tsakar gida. Kwana da kwanaki tsohuwa tana sauraro, wani wurin har da dariya. Da aka kai ƙarshe ta kaɗe zaninta.

"Kai, wannan Alhajin ya sha duniya. Allah ya yi miki albarka. To, tunda hannunki ya faɗa, yaushe za ki fara na Malam?"

Kunya ta hana Zakiyya cewa ai na Malam ɗin ne aka ji.

"Inna, ki ƙara ba ni labarinsa daga farko."

"Ni? Ai duk na juye miki tun bara, 'yar nan. Kaina yanzu rariya ne, jiya ma sunan ƙanwarsa sai da ya ɓace mini. Ke na ba wa ajiya."

Zakiyya ta fita zaure, ta zauna daidai inda tabarmarsa ta saba zama. Wayar na ta ƙara, ana tambayar yaushe za a saki na biyu. Ta buɗe sabon shafi ta rubuta: Malam ya ɗauki allura. Ta runtse ido don ta ji yadda yake kiran sunanta, sai muryar mai karatun nan ta amsa mata. Ta nemi fuskarsa, ta nema tana kuka. Wanda ya zo mata saurayi ne cikin shadda, da makullin mota a hannun dama.