Metir Ɗaya da Rabi

Ƙarfe goma na hantsi ne, amma zafin bazara ya riga ya sauko kan Madarumfa, ko iskar tabki ba ta motsi. Rabi'u mai hoto yana zaune a ƙofar shagonsa, hannun hagu ɗaure cikin karare, rataye a wuya. Mako uku ke nan da moto, wato babur, ya kayar da shi. Maɗori ya ce idan ya kuskura ya motsa yatsun nan kafin kwana arba'in, to ya nemi wani mai gyara.

Idon kyamararsa na da babba ne, mai nauyi, irin wanda ke nemo fuskar mutum da kansa. Sai dai hannu biyu yake so, ɗaya ya tallabe shi daga ƙasa. Tun da ya karye bai ɗauki hoto ko guda ba. Shi ya sa jiya ya hau mota zuwa Ɗan Issa, wurin Idi mai tsofaffin kayan hoto, suka yi musaya. Idi ya ba shi wani ɗan ƙarami, bai fi murfin kwalba girma ba sosai. Rabi'u ya ɗaga da hannu ɗaya, ya ji sakayau, ya dawo gida da murna.

Da safen nan ya gane abin da ya yi. Ƙaramin ba ya nemo komai. Zobe ne a jikinsa, sai ka murza har fuska ta fito. Dama na riƙe da kyamara, hagu kuma a ɗaure. Ya kira Idi a waya, Idi ya ce ai babban ya ƙetare iyaka tun daren jiya.

Ga matan lambu talatin da ɗaya daga ƙauyen Sarkin Yamma sun cika rumfa. Hotunan katin ƙungiya suke so, yau za a kai takardun, in ba haka ba injin ban ruwan da aka yi musu alkawari ya wuce su. Shugabarsu, Inna Jummai, ita ta dage sai wurin Rabi'u, ta hana a kira mai hoton Maraɗi.

Ya zaunar da ta farko gaban farin ƙyalle. Ya murza zoben da haɓa, ya ɗaga, ya danna. Fuska ta fito kamar an leƙa ta cikin kunu. Ya ɗora kyamarar a cinya ya murza, ya sake. Kunne ya fito tsaf, ido babu. Gumi na shiga masa ido, ba hannun sharewa.

"Ɗana," in ji Inna Jummai, "ganyen salati muka baro a lambu ba ruwa. In ba ta yiwuwa ka faɗa mana tun rana ba ta raba ba."

"Tana yiwuwa, Inna."

Bai san ta yaya ba. Rufe shago ba dama, fita ba dama.

Keken ɗinkin maƙwabci ya yi shiru. Baba Ado tela ya leƙo, metir ɗinsa na awo a wuya.

"Kai, sarkin wayo! Na ji ka ba da raƙumi an ba ka ɗan tsako."

"Baba, don Allah ba yau ba."

"Miƙo in gani."

Ya juya kyamarar, ya ƙanƙance ido. "Waɗannan lambobin da ke kan zoben fa?"

"Ban kula ba. Na ɗauka lambar kamfani ce."

"Lambar kamfani! Awo ne, mutumin banza. Ga ɗaya, ga ɗaya da rabi, ga biyu. Da ka zauna lekwal ka yi boko da ka sani."

Ya murza zoben ya tsayar kan ɗaya da rabi. Ya tura Rabi'u kan kujera, baya manne da bango, ya ce ko ƙuda ya sauka masa a hanci kada ya gusa. Ya auna zare metir ɗaya da rabi, ya ɗaura a jikin kyamarar, ya yi ƙulli a ɗaya bakin.

"Jummai, zo ki fara. Kai ƙullin nan kan idonki. Yawwa. To saki."

"Ado, awon riga za ka yi mini ko hoto?"

"Rufe baki dai, kada giɓi ya fito."

Matan suka kwashe da dariya. Rabi'u ya danna, ya duba. Ga Inna Jummai tar, har zanen da ke kumatunta ana ƙirgawa.

"Ta gaba!" in ji Rabi'u.

A ta shida gefen rigarsa ya goga zoben, ya ɗan gusa. Bai lura ba, yana faɗa wa wata ta ɗaga haɓa. Baba Ado ya dawo da tsirin atamfa, ya mayar da zoben wurinsa, ya naɗe shi tamau ya ƙulle. Ba wanda ya waiwayo. Ya kakkaɓe hannu ya koma kan kekensa.