Inabin da Baba Shekari Ya Ƙi Ragewa

Baba Shekari, dattijo ɗan Kagoro, ya bar aikin gadi a birnin Greensboro na Amurka, ya zuba ƙarfinsa da duk abin da ya tara a gonar inabin da ya kama haya a McLeansville, kusa da birnin. A shekarar 2004 kurangar ta yi 'ya'ya na gaske.

Angelina, wadda take saya wa wani kamfanin giya inabi, ta zo a watan Yuli, ta ce ya yanke rabin 'ya'yan ya zubar tun suna ɗanyu, domin sauran su yi zaƙi. Ya amsa da ladabi, bai yanke ko ɗaya ba. Mahaifinsa bai taɓa zubar da zangarniyar dawa ba, kakansa ma haka. Ba a kansa za a fara wulaƙanta abin da Ubangiji ya bayar ba. Har taki ya ƙara.

Da Satumba ta kama, rassan suka sunkuya don nauyi, amma duk ƙwayar da ya ɗanɗana sai tsami ya kama masa haƙora. Abinci ya daina shiga masa.

Ranar awon zaƙin inabin, matarsa Jimmai ta biyo shi gonar.

"Baban Bebi, wannan zufar fa? Ko kai za a matse?"

"Ki bari, Jimmai," ya ce.

Angelina ta iso, ta tsaya tana kallon lodin 'ya'yan. Ta matse ƙwaya a kan ɗan gilashin auna zaƙi, ta ɗaga shi sama ta leƙa. Ta sake a wani layi, ta kuma sakewa. Dattijon ya dafa turken kurangar.

"Zaƙin bai kai ba," in ji ta. "Inabin yana buƙatar rana mai yawa, kuma guguwa tana tafe daga kudu da ruwa jibi. In ya sha ruwan nan, fashewa zai yi ya ruɓe."

"To in na rage yanzu fa?"

"Lokacin ya wuce, Mista Shekari. Kamfani ba zai ɗauka ba."

Motarta ta fice. Jimmai ta daina zolaya, ta riƙe masa hannu.

"Me za mu gaya wa mai filin?" ta tambaya a hankali.

Ya juya ya kalli kurangar. Iska mai ɗumi ta taso daga kudu, ganyaye suka fara kifewa, layi bayan layi.